Wuyan Riga Kaɗai

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baban yara da yaran duka. Ya ƙafar taki? In har yanzu kina hawa benen nan da bokitin ruwa, kada ki kawo mini kuka.

Yaya, maganar aiki ce ta sa na ɗauki biro, don in ta waya ce sai ki katse ni kafin in kai aya. Ban manta da zirga-zirgar da Baban yara ya yi ba kafin ya samo mini gurbi a kamfanin ɗinkin nan. Albashi na zuwa a kan lokaci, ga fanka, ga wuta. Amma kin san abin da nake ɗinkawa? Wuyan riga, shi kaɗai. Ta damana ta miƙo, in ɗora wuya, in tura wa ta hagu ta sa hannun riga. Tun da na fara ban ga ƙarshen riga ɗaya ba. Mai duba mu kuwa, ko ruwa ka tashi sha sai ya kalli agogonsa.

Ranar hutu 'yarki ta wajena ta matsa mini sai na ɗinka mata riga. Na fito da tsohon kekena, na yanka yadi, na ɗora wuya tsaf. Sai kawai na tura rigar hagu, ta faɗi ƙasa. Na kuma zauna ina jiran wata ta zo daga dama, a cikin ɗakina! 'Yarki ta yi dariya har da hawaye. Ni ma na yi, amma da na ɗauko rigar zan sa hannu, sai na rasa ta inda ake farawa. Ni fa, da nake yanka yadi ba alli. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Akwai wata dattijuwa mai shagon ɗinki a bayan layinmu. Idonta ya yi rauni, tana neman wadda za ta riƙe aikin daga awo har guga. Samun bai kai na kamfani ba, amma na san hannuna. Abu ɗaya ke riƙe ni: kada ku ga kamar na watsa muku ƙasa a ido. Ki faɗa mini gaskiya.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya sa ƙafa ta yi sauƙi.

Amsarki ta iso, faɗanki kuma ya cika shafi har da gefe. Kin ce in tuna makarantar 'yarki, na tuna. Kin ce kin ji kunyar mijinki. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, shi ya sa na kira shi da kaina na ba shi haƙuri. Ya sa mini albarka. Saura ke.

Na ajiye aikin, Yaya. Na yi sallama da kowa cikin mutunci, ta haguna har da kuka.

Ba zan yi miki ƙarya ba, akwai ranar da muka wuni ba wanda ya leƙo shagon. Wandon farko kuma sai da na farke shi na sake, dattijuwar tana lalubar ɗinkin da yatsa tana tsaki. Amma jiya wata mata ta gwada rigarta, ta tsaya gaban madubi tana juyi ta ƙi cirewa. Duk zaren da ke jikinta ni na sa shi. Na koma gida ina jin kaina kamar mutum.

Na ware wani yadi shuɗi, irin wanda kike so. Ki aiko mini da awonki, na gaskiya, ba na kafin haihuwa ba. In kina fushi da ni ban hana ki ba, amma ki yi shi a cikin rigata.

Taki har kullum,
Auta