Ashe Rabin Jan Waken Naka Ne

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan makwanci ya yi sanyi, tsohuwarka ce daga Maska, da rubutun nan nawa na yaƙi da jahilci da kake cewa kamar kaza ta yi tono.

Takwaranka, jikanmu ɗan wajen Hadiza, wanda har yau sai dai in ce masa Maigida, ya samo mata a Gozaki. To amma an auna shi yana ɗauke da sikila a ɓoye, ya ce babu sa rana sai an gwada jinin yarinya. In ita ma tana ɗauke, an fasa. Kwana tara bai cinye tuwonsa ba.

Na ce masa tunda ɗaya cikin huɗu ake cewa, ai in na fari ya zo da ciwon, ukun baya sun tsira. Sai ya ɗauko ƙwarya biyu, ta uwa da ta uba, kowace farin wake da ja daidai wa daida. Ya ce in rufe ido, in zaro nan in zaro can, in mayar. Ja ya gamu da ja, ciwo ke nan. Sau uku a jere ina zaro ja biyu, Malam! Ashe kowane ciki sabon zari ne. Na fara leƙe ta gefen mayafi, ja'irin ya kama ni.

Wai haka masana ke yi wa gari guda: in sun san yawan ja a buhu, sun san sau nawa zai gamu da ɗan'uwansa.

Nan na tuna 'yarmu marigayiya Sa'adatu, yadda gaɓoɓinta ke kumbura da damina. Innarka, Allah ya jiƙanta, ta ce jinin mutanen Danja ne na kawo muku. Shekara arba'in ina haɗiye maganar nan. Ashe sai an samo daga ƙwarya biyu! Rabi naka ne, bawan Allah. Ka gaya wa Innar a hankali, kada ka ce ni na aike ka.

Jiya takarda ta fito. Yarinya ba ta ɗauke da komai. Na rangaɗa guɗa har awaki suka tsallake danga. Biki sai an tsinke auduga.

Ba laifinka, ba laifina, ba mu sani ba ne. Su yaran kuwa sun sani.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sada ka da 'yarmu, ya ba yaran nan zuri'a mai ƙoshin lafiya da za ta hana ni sakat.

Taka har gobe,
Iya Ladi