Ba a Kore Ka Ba, Sada, Ba a Dai Kira Ka Ba

Zuwa ga aminina Malam Sada na Ƙofar Marusa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar wanda ya daɗe bai sa ka a ido ba. Ina gajiya, ina iyali, yaya cinyar? A gaishe mini da Hajiya Binta da yara, da mutanen zaure in akwai sauran masu tunawa da Rabe. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da tsufa, su kuwa ba inda ake kai ƙararsu.

Ka yi haƙuri da na shanya wannan magana a bainar jama'a. Na kira ka a waya ya fi a ƙirga, da na ambaci ɗanka Bishir sai layi ya lalace. Layin nan naka bai taɓa lalacewa ba in muna zancen tsadar gero. Na san Murja ɗiyarka tana bibiyar abin da nake rubutawa, na kuma san za ta karanta maka, ko kana so ko ba ka so. Ita ce ta gaya mini halin da ake ciki. Bishir ya ajiye kaki bayan shekarun da ya yi a daji, ya dawo kunne ɗaya kawai ke ji, ya samu gurbin karatu a jami'a, an kusa rufe rajista, kai kuma ka ce a'a. Ka ce ya haɗa ɗan abin sallamarsa ya sayi kurkura, babur ɗin nan mai ƙafa uku, ya riƙa ɗaukar fasinja daga Ƙofar Ƙaura zuwa kasuwa. Ka ce jami'a ba wurin soja ba ce, ka gwada ka gani.

Na san abin da ka gani, ai a gabana aka yi. Sai dai ina jin mun daɗe muna ba wa labarin nan fassarar da ba tasa ba.

Ka tuna shekarar da sojoji suka miƙa mulki? Shekarar aka sallame mu, ni da kai, kofur biyu da suka dawo daga yaƙin wata ƙasa da yawancin mutanen unguwa ba su san inda take ba. Ranar rantsuwa muna zaune a shagon tela a Ƙofar Durbi, an ƙure rediyo, jama'a na ta murna wai an rabu da ƙaya. Mun sa kaftani kamar kowa, amma askinmu da zamanmu a miƙe sun tona mu. Telan ya dube mu ya ce yanzu kam sai ku koyi bin layi. Kowa ya yi dariya, mu ma muka yi. Bai yi ƙarya ba.

Ni a lokacin ba abin da nake so sai in bar ƙasar. Kai kuwa tsohon littafin labarin ƙasa ne a hammatarka, wanda ka yi ta yawo da shi a jakar baya har bangonsa ya cinye. Karatu kake so, ka fito malami.

A ranar sallama an tara mu a filin fareti, wani babban hafsa ya yi dogon jawabi kan horon sana'a da tallafin karatu da ke tafe. Yana nan tafe har gobe. Abin da ke cin raina, Sada, ba ma wannan ba ne. Sun ɗauki watanni suna mai da mu soja: yadda za mu tsaya, yadda za mu ci abinci, wa za mu yi wa magana, wa ba za mu ɗaga ido mu kalla ba. Da suka gama da mu, ko wuni guda ba su ɗauka ba wajen mai da mu mutanen gari. Suka buɗe ƙofar bariki suka ce Allah ya kiyaye hanya.

Da ƙarfinka ka sake zama jarrabawa cikin yara, ka ci, ka samu jami'a a wani gari tafiyar rabin yini daga Katsina. Da hutun farko ka dawo kana ba mu labari kana dariya. Ranar farko malami ya shigo ka miƙe tsaye ƙyam, kai kaɗai cikin ɗaruruwa, ajin ya ɗauki shewa. Daga nan suka laƙaba maka Baba Soja. Wasu da wasa suke faɗi, wasu da ƙiyayya. In za a bi gaskiya, masu ƙiyayyar suna da dalili. Kakin da muka sa shi ne ya sha shiga makarantunsu da bulala, kuma cikin malamansu akwai waɗanda suka kwana a tsare saboda magana. Ba su san kofur bai taɓa mulkin kowa ba, shi ma mulkarsa aka yi.

Duk da haka kana jin daɗi. Ka cika mana kunne da sunayen koguna da duwatsu. Inna mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, takan ce Sada ya tsufa ya koma ɗan firamare, amma ba maƙwabciyar da ba ta gaya wa ɗanta na jami'a ba. Ko mai tallan gishiri ya shigo sai ya ji.

Ana gab da jarrabawar ƙarshen shekara ta biyu tsohon raunin cinyarka ya tashi. Ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya rufe ka. Kafin ka hau mota zuwa gida ka yi abin da aka koya mana. Ka nemi shugaban aji, yaron da bai kai ƙanenka ba, ka tsaya a gabansa hannu a baya, ka kai rahoto: ba ka da lafiya, za ka tafi asibiti, ba za ka samu jarrabawa ba. Ya ce Allah ya ba da lafiya. A wurinka magana ta ƙare. Na ƙasa ya gaya wa na gabansa, na gaba zai kai sama, sama za ta aiko da oda.

Ka warke, ka zauna jiran oda.

Ba na manta zaman nan naka a zaure. Jaka a ɗaure a gefen tabarma, takalmi a goge, riga ta sha guga. In baƙon babur ya tsaya a ƙofar gida sai ka miƙe. Na taɓa tambayarka ko za ka leƙa makarantar, ka ce: na kai rahoto, Rabe, soja ba ya tsallake na gabansa. Ni kuwa na gyaɗa kai, don a kunnena ba maganar da ta fi wannan daidai. Tukunya ɗaya aka dafa mu. Kurtun da ya doshi ofishin babba ba a kira shi ba ya san inda zai kwana. Ga kuma halin garinmu, da ake mana kirari kunya gare mu ba tsoro ba. Mutumin da ya tsallaka kogi ana ruwan harsashi ya kasa ƙwanƙwasa ƙofar ofishi.

Damina ta zo ta wuce. Inna ta daina zancen jami'a. Wata rana na shigo na tarar ba jaka a zaure, ban tambaya ba. Ka kama aikin gadi, ni na samu hanyar fita ƙasar waje na fita.

Sai bayan shekaru ka haɗu da wani ɗan ajinku a wurin ɗaurin aure. Shi ya gaya maka ba kai kaɗai ka yi rashin lafiya a shekarar ba. Sauran sun je da ƙafarsu wurin shugaban sashe da takardar asibiti, aka ba su dama suka rubuta daga baya. Wai har shugaban sashen ya taɓa tambaya ina tsohon sojan nan da ke zama a gaba, aka ce ƙila ya gaji. Yaron da ka kai wa rahoto bai gaya wa kowa ba. Ba mugunta ya yi ba, shi a ganinsa sallama ka yi masa. Ka ba ni labarin nan a waya kana dariya, amma na san dariyarka, wannan ba ita ba ce.

Tun daga ranar ka yanke hukunci cewa sun raina ka ne suka kore ka. Ba a kore ka ba, mutumina. Ba a dai kira ka ba. A jami'a ba a kiran kowa, kuma ba wanda ya gaya mana.

Ka san aikina a nan: bas nake tuƙawa a cikin wata jami'a, in kwashi ɗalibai daga wannan gini zuwa wancan. Kusa da inda nake juyawa akwai ofishi na tsofaffin sojojin da suka dawo karatu. Gwamnatinsu na biya musu makaranta, tana taimaka musu da wurin kwana. Akwai ɗaki da suke taruwa su sha shayi, sabon zuwa a haɗa shi da wanda ya riga shi. Duk wannan bai tsaya mini a rai ba kamar wata mata da ke wurin, ita ma tsohuwar soja, tana ɗingishi. In ɗayansu ya yi fashin lakca ba ta jira ya zo, ita ke nemansa. Wata rana ta shiga bas ɗina muka taɓa hira, ta ce nata mutanen ba sa neman taimako, sai an bi su. Na kai ta inda za ta, na samu gefen hanya na tsaya, don idona ya daina ganin titi sosai.

Kada ka ɗauka aljanna nake kwatanta maka. A garin nan ina ganin tsofaffin sojojinsu na kwana a ƙarƙashin gada. Su ma sun iya tura yaro yaƙi su manta da shi. Ni kaina me na tsinta? Na tsufa ina buɗe wa 'ya'yan wasu ƙofar mota, Inna ta rasu ban samu jana'iza ba, tawa uwar ma haka. Ba ni da bakin yi maka gori.

Kuma maganar kurkura ba shirme ba ce. Tana kawo cefane yau, digiri kuwa ba ya alkawarin komai, mun ga masu shi suna zaman kashe wando. Na san tsoronka. Ba ka so ka sake ganin jaka a ɗaure a zauren gidanka. Amma kurkura ba ta gudu, ko baɗi ana sayarwa. Gurbin nan shi ne ba ya jira.

Ban ji an buɗe wa irin su Bishir ofishi a gida ba, in ma akwai labarinsa bai iso ni ba. Ba matar da za ta bi shi in ya ɓace. To amma yana da abin da kai ba ka samu ba: yana da uban da ya san ramin. Ka zaunar da shi ka gaya masa can ba bariki ba ce. Ya zauna a gaba, ya juya wa malami kunnen mai ji, ya kuma gaya wa malaman da bakinsa cewa ɗayan ya mutu. In abu ya same shi ya tashi ya je ofishin da kansa, in an ce ya dawo gobe ya dawo, ya dame su har su san sunansa. In ka ji shi shiru, kai ka neme shi. Ni ma zan neme shi daga nan.

Murja ta ce tun da ka ce a'a bai ƙara tayar da maganar ba. Bai yi musu ba, bai kai ƙararka wurin kowa ba. Kullum da safe yakan zo ya gaishe ka, ya ɗan tsaya hannu a baya, ya fita. Kai kana ganin ya haƙura ne. Haba Sada, kai da ka san wannan tsayuwar fiye da kowa a duniya. Yaron nan ba zai tsallake ka ba ko da gurbin zai ruɓe a hannunsa. Ba shi da kwamanda yanzu sai kai. Ka ba shi oda ya tafi.

Allah ya jiƙan Inna da iyayenmu baki ɗaya, ya jiƙan waɗanda muka baro a can ba kabarin da za a nuna. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya sauƙaƙa maka ciwon ƙafa, ya buɗa wa Bishir ƙirji, ya haɗa shi da malamai masu tausayi. Ni kuma ka roƙa mini Allah ya sa ƙasar Katsina ce za ta rufe ni.

Wassalam.

Naka, ko ka yi fushi,
Rabe