Wai Sai Na Ce Ƙarya Na Yi Kafin A Yi Wa Ɗiyata Allura

Daga Edita: Wata mata ce ta aiko mana da wannan daga ƙasar Kebbe, ta roƙi a sakaya sunanta da na garin da take aure. Mun buga yadda ta rubuto. Mai shawara ya aiko, za mu isar mata.

Assalamu alaikum jama'a masu karatu, na birni da na ƙauye, da waɗanda ake karanta wa a bakin kasuwa. Don Allah ku ba ni shawara, amma tun kafin ku fara, duk wanda ya san haƙuri kaɗai zai ce in yi, ya riƙe abinsa, na ji shi har ya ishe ni. Ni 'yar Tambuwal ce, aure ya kai ni wani gari a ƙasar Kebbe. Da hannuna nika rubutun ga, a ajin yaƙi da jahilci na mata na koya kafin in bar gida. In kun ga kuskure ku yi mani uzuri, raina a ɓace yake.

Maigidana ya tafi cin rani Kurmi tun bayan kaka, kamar yadda mazan garin ke yi, ya bar ni hannun wansa, wanda nika kira Yaya, da mahaifiyarsu Inna. Ɗiyata guda ce, bari in kira ta Ladi, yarinya ce da ba ta daɗe da fara zuwa aike ba. Kututture ya yanke ta a ƙwauri, muka yi na gida, a daka wannan a shafa wancan, abu ya zama gyambo har ya fara wari. Sai Inna ta ce in kai ta ɗakin magani na En'e, wato hukumar gargajiya, da ke bakin kasuwa. Mutum guda ne a wurin, malamin asibiti, shi ke wankin ciwo, shi ke allura, shi ke riƙe da mabuɗi. In ka wuce shi babu wani sai ka kai Tambuwal. Kuma zan faɗi gaskiya ko a kan maƙiyina ne, ya iya aikinsa. Muna fara zuwa ciwo ya soma tsotsewa, yarinya ta fara taka ƙafa.

Tun farko na lura matan garin ba su shiga ɗakin nan su kaɗai. Kowace da 'yar rakiyarta, wata da kakarta, wata da maƙwabciya, wata ma ta jawo tsohuwar da ko gani ba ta yi sosai ta zaunar a bakin ƙofa. Ni na ɗauka son hira ne irin na mutanen garin. Babu wadda ta ja ni gefe ta ce ke baƙuwa, kada ki kuskura ki shiga ke kaɗai in mijinki ba ya gari. Ashe mutumin ya san gidan duk wanda ya tafi cin rani, cikin raha yake tambaya kamar mai gaisuwa, ina maigida, yaushe zai dawo. Ni kuwa na ba shi amsa tsakani da Allah.

Ran nan da hantsi ya wanke wa Ladi ciwo, ya shafa mata shuɗin maganin nan mai kama hannu, ya ɗaure, ya ce ta fita ta jira a rumfa. Ya saki asabari, ya ce wai irin wanga gyambo daga jinin uwa yake, sai ya duba ni. Na ce lafiyata ƙalau. Ya ce shi ne likita ko ni. Ban ankara ba sai hannunsa a ƙirjina, ɗayan yana jan bakin zanena, yana ce mani wai macen da miji ya yi nisa ba ta rasa buƙata, kuma in tuna allurar yarinya a hannunsa take. Ba zan ɓoye maku ba, na tsorata. Amma da na ji ya ambaci allurar sai wani abu ya taso mani, na ture shi iya ƙarfina ya faɗa kan teburin kwalabe, na ɗaga murya na kira shi da sunan da ya dace da shi, na yaye asabari na fito. Rumfa cike da mata masu jiran layi, kowa ta ji, kowa ta gani. Mayafina fari ne, ga shatar yatsunsa shuɗi raɗau a kai, daidai inda ya kama. Babu wadda ta ɗago kai ta dube ni, wata ma gyaran goyo ta shiga yi.

Da na isa gida na gaya wa Inna, ta fashe da kuka, ta aika a kira Yaya. Na zaci zai ɗauki sanda in riƙa ba shi haƙuri. Ina. Abin da ya fara tambaya shi ne wa da wa suka ji. Sannan ya ce in wanke mayafin da toka tun kafin shuɗin ya zauna, a rufe zancen, tunda dai Allah ya tsare ba a kai ga ɓarna ba. Na ce Yaya, kama jikin matar ƙanenka ba ɓarna ba ce? Ya ce in rage murya. Ban wanke ba. Washegari na naɗe mayafin na tafi zauren alkali da ƙafata. A hanya wani dattijo ya tare ni wai mace ba ta kai kanta gaban shari'a, na ce Baba, a Tambuwal na ga mata suna kai ƙara kan gado da kan saki babu wanda ya kore su, jikina bai fi gona arha ba.

Alkali ya saurare ni, wannan ba zan ci amanarsa ba, ya ba da sammaci. Mutumin ya zo cikin gogaggun kaya yana ƙamshin asibiti, kowa na gaishe shi. Ya ce wai ni na matsa masa ya ba ni allurar ƙarin ƙarfi, ya hana tunda maganin gwamnati ne, shi ne na yi fushi na bangaje kwalba, shuɗi ya zubo mani. Na ware mayafin na ce Allah gafarta Malam, kwalba tana da yatsu? Mutane suka yi dariya ƙasa ƙasa, muhuti, mataimakin alkali, ya tsawatar. Alkali ya ce mayafi ba ya magana, mai ƙara shi ke kawo shaidu, in na rasa, wanda nika ƙara zai rantse, magana ta ƙare. Ya ɗaga zama sai bayan salla.

Na bi gidajen matan nan ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta ce yaronta na kuka ba ta ji komi ba. Waccan ta ce ta ji, amma mijinta ya ce in ta taka zauren alkali a bakin aurenta. Tsohuwa guda ce ta amsa, Gwaggo ungozoma, ta ce ita ta wuce tsoron kowa, za ta faɗi abin da ta ji da wanda ta daɗe tana ji. Na koma na sanar, aka ce mani shaidar mace guda ba ta isa ba. Abin da ya fi ƙona mani rai, matan nan da suka ƙi ni, su ne ke aiko mani da fura, su ne ke matso ni a bakin rijiya suna raɗa mani kada ki janye, Allah ya ba ki sa'a. Wata har ta riƙe hannuna tana hawaye ta ce ita abin da mutumin ya yi mata ya wuce nawa, sannan ta sa na rantse ba zan ambaci sunanta ba. To in ana karanta maku wannan a kasuwa, kun san kanku. Na gode da fura, amma ƙafarku nika so zuwa gaban alkali.

Ana cikin haka ranar allura ta zagayo. Ni ban je ba, Inna ta goya Ladi ta kai ta. Malamin asibitin ya dubi Inna ya ce allura ta ƙare sai an aiko daga Sakkwato, alhali a gabanta ya tsira wa wani ɗan tireda. Ta sake komawa, ya ce ko bandeji babu. Daga baya saƙonsa ya zo ta bakin Yaya. Wai janye ƙara kaɗai ba ta ishe shi ba, tunda na zubar masa da mutunci a gari. Sai na tsaya gaban alkali da jama'a na ce ƙarya na yi masa, Shaiɗan ne ya zuga ni, a rubuta. In na yi haka, ranar nan za a samu allura. In na ƙi, zai rantse, sannan ya shigar da ni ƙarar ƙazafi a yi mani bulala. Maigari ma ya kira Yaya ya ce a ja mani kunne, wai in zancen ya kai sama za a ɗauke mutumin a garƙame ɗakin, kuma sun daɗe suna roƙo kafin a ba su, shin zan ɗauki alhakin yaran gari. Kun ji fa. Shi ya kama ni, shi ya hana yarinya magani, amma ni ake tambaya alhaki.

Na shiga motar kasuwa na kai Ladi Tambuwal, aka yi mata allura, aka ce sai an jera ba fashi in ana son ciwon ya rufe. Ban iya zama ba, domin in ranar shari'a ta riske ni can za a kori ƙarar a ce na gudu, kuma Yaya ya aiko cewa bai yarda in kwana biyu ba tunda mijina bai ba da izini ba. Kafin in juyo na je gaida wani tsohon malami, abokin marigayi mahaifina, na kwashe komi na gaya masa. Ya ce ɗiyata, ba a kiran wanga ƙazafi, ba ki ce ya yi zina ba, kin ce ya taɓa ki kuma ya ci mutuncinki, tsorata ki ake yi. Ya ce in hukunci bai yi mani ba ina da ikon ɗaukaka ƙara zuwa Sakkwato, amma akwai wa'adi, kada in yi sanya. Ya ce kuma in Di'o, Baturen mulki, ya zo rangadi, talaka na iya tsayawa a bariki ya kai kuka. Sai dai na sani, kowa ma ya sani, tafintan Di'o a gidan malamin asibitin nan yake sauka in sun zo. Zan faɗi nawa da Hausa, Allah kaɗai ya san abin da zai isa kunnen Bature. Yaya kuwa ya riga ya rantse, ranar da na tsallake alkali na kai Musulmi gaban Nasara, ranar zan bar gidan ƙanensa.

Maigidana bai san komi ba har yanzu, sai ruwan fari zai dawo. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mani hannu ba, amma bai taɓa musa wa wansa ba ko sau ɗaya. Ban san ɓangaren da zai tsaya ba, kuma tsoron wannan ya fi mani tsoron bulala.

Ga inda nika yanzu. Ciwon Ladi ya sake buɗewa, ƙafar ta kumbura, ta koma jan gindi a tsakar gida, ƙudaje na bin ta. Inna kullum sai ta dubi ƙafar ta dube ni. Ruwa na sauka hanyar fadama za ta yanke, mota ba za ta ƙara shigowa ba, zancen Tambuwal ya ƙare. Wallahi akwai ranar da na ɗauki mayafi zan je in faɗi abin da yake so a wuce wurin, na kai har zauren alkali na dawo. Bakina ya ƙi. In na ce ƙarya na yi, an rubuta ke nan, duk macen da ta fito ɗakin nan da kuka bayana za a ce mata ai wance ma haka ta ce, ƙarshe ta tuba. Kuma ita Ladin da nika son ceto, a garin nan za ta girma ana nuna ta ana cewa ɗiyar maƙaryaciya.

Saboda haka malamai masu sanin shari'a, da ma'aikatan En'e masu tsoron Allah, da matan da suka taɓa tsayawa inda na tsaya, ku gaya mani. In ya rantse, ta ƙare ke nan, ko Sakkwato za su saurare ni da shaidar Gwaggo? Akwai wanda ke sama da malamin asibiti da zan kai wa kukan hana yarinya magani, ba tare da na bi ta bakin tafinta ba? Ni dai ban yi ƙarya ba, kuma ban ga ranar da zan ce na yi ba. Amma ɗazu da na kwance tsumman na ga ciwon ya fara cin gefe. Ku faɗa mani wanda zan saki, ƙafar ɗiyata ko gaskiyata, kuma ku nuna mani dokar da ta ce sai na saki ɗaya, ta Musulunci ce ko ta Bature.