Na'urar ofishinmu ta tona asirin idon Babana, kuma Asabar zai kama hanyar Arewa

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin don Allah a ɓoye sunana da adireshina, don akwai 'yan unguwarmu a nan. Daga kafen intanet nake rubuto wannan, a Agege, kuma lokacin da na saya ba shi da yawa. Don Allah ku ba ni shawara, kwana uku ya rage min.

Ni mace ce, a nan Legas aka haife ni, na gama poli bara. Tun da GSM ya shigo na samu aikin wucin gadi da wani kamfani mai yi wa masu ƙera wayar salula bincike. Suna so su san yadda mutanenmu ke fama da waya, ina suke ɓata, me ya sa mutum zai nemi suna ya kasa samu. Ni aikina tafinta ne, sai kuma nemo musu Hausawa 'yan kasuwa da direbobi. Akwai wata na'ura da suka kawo daga waje, kamar hular kwano ce mai 'yan ƙananan kyamarori a gaban ido, an jona ta da kwamfuta. In mutum ya saka yana danna waya, duk inda idonsa ya sauka sai wani jan ɗigo ya nuna mana. Kafin a fara kuma, ana sa mutum ya kalli tsakiyar wani allo, fitilu suna kamawa a gefe da gefe yana faɗin wadda ya gani, don a daidaita na'urar da idonsa.

Makon jiya aka ce ana neman dattawa waɗanda ba su yi boko ba, sai na ce ai ga Babana. Direban babbar mota ne, ya fi shekara talatin yana ɗauko tumatir da albasa daga Arewa zuwa kasuwar Ketu. Da kyar ya yarda, sai da na ce zai ga inda nake aiki. Ya sha farar shaddarsa muka hau danfo tare, yana ta yi wa kwandasta tsiya da Yarbanci. Da bakina na karanta masa takardar kamfani da Hausa, cewa duk abin da aka ɗauka sirri ne, ba wanda zai ji, ya dangwala hannu.

Da aka zo daidaitawa sai na'urar ta ƙi kama idonsa na hagu. Aka goge gilashi, aka sake, shiru. Aka kunna fitilun allo, na dama duk ya faɗe su, na hagu kuwa har uku suka kama suka mutu Baba yana zaune yana jira a fara. Sai da na ce "Baba ba ka ga komai ba?" sannan ya juya kansa gaba ɗaya, ya ce oh ga ta nan. Ya yi dariya ya ce kayan Bature ne ba su san idon Bahaushe ba, kowa ya yi dariya har ni.

Ogata, bari in kira ta Madam Ladi, 'yar Kudancin Kaduna ce, tana jin Hausa sosai. Bayan na raka Baba ya hau mota ta kira ni ta rufe ƙofa, ta sake kunna min abin da aka ɗauka. Ta ce ita ba likita ba ce kuma na'urar ba ta asibiti ba ce, amma mutane da yawa sun zauna a kujerar nan ba ta ga irin wannan ba, in kai shi a duba idonsa. Sai ta tambaye ni sana'arsa. Na ce direba ne. Sai ta ce, "Ki sani ba zan iya ba ki kaset ɗin nan ba, kuma in maganar ta fita da sunan kamfani, ni da ke duk mun tafi. Amma mahaifinki ne."

Da na koma gida na fara lura da abin da na daɗe ina gani ban kula ba. In na miƙa masa shayi ta hagu sai na yi magana yake karɓa. Kafaɗarsa ta sha bugun ƙyauren ɗaki. Sannan wata biyu da suka wuce ya goge wani ɗan okada a titin Ikorodu, Allah ya tsare karaya ce kawai, duk muka ce ai 'yan okada ba su da hankali. Ta hagu mutumin ya fito.

Ranar Lahadi bayan la'asar na same shi a ƙofar gida yana jin rediyo, na durƙusa na faɗa masa duk abin da na gani. Na zaci zai musa, wallahi da ya musa ma da ya fi min sauƙi. Ya rage rediyon ya ce ya fi shekara da sanin idon ya tafi, kamar hayaƙi ya fara, yanzu duhu ne. Ya ce hanyar nan ya san kowane rami nata, da ido ɗaya ya fi yaran yanzu masu ido biyu. Na ce mu je asibitin Idi-Araba a duba, ya ce in an rubuta a takarda shi ke nan, magana ta fita, Alhaji mai motar zai karɓe makulli, wa zai ɗauki tsoho mai ido ɗaya. Na ce to ko tafiyar Asabar ɗin nan kawai ya bari. Nan ransa ya ɓaci, ya ce shi ya biya min makarantar da na koyo rainin, ya bi ni wurin aikina don ya faranta min ashe tarko na kai shi. Abin da ya fi tsaya min shi ne da ya ce, "Ke kika karanta min takardar nan da bakinki, kika ce sirri ne. In maganar nan ta je tasha ta bakinki, ki nemi wani uban."

Na je wurin Mama ina kuka, ashe ta riga ni sani. Ta ce ita take ɗiga masa wani magani da ya sayo a kasuwa, kuma duk tafiyar da zai yi ba ta iya cin abinci sai ya dawo. Amma ta ce in rufa masa asiri, ƙannena huɗu suna makaranta, aikina na wata shida ne, kuma mutumin da aka sauke daga mota a gaban abokansa ba ya daɗewa. Ta ce ya yi mata alkawari daga wannan damina zai ajiye da kansa. Na tambaye ta bara me ya ce, ta tashi ta shige ɗaki.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne tafiyar Asabar ba kaya kaɗai ba ne. Damina ta kusa, 'yan cirani suna komawa gida noma, kuma a saman motar Baba suke hawa saboda ta fi bas sauƙi. Jiya na bi ta tasha na gan su da buhunansu da rediyoyi da katifu, sun fi ashirin, wani har yana gaishe ni yana cewa ai su sai motar Baba, don shi ba ya gudu. Na amsa gaisuwar na wuce.

Alhaji mai motar ya san ni tun ina ƙarama, shagonsa yana nan kusa, minti goma in na taka. Sau biyu ina zuwa bakin layin ina juyowa. In na faɗa masa, na karya alkawarin da na ɗauka da bakina, na jefa Madam Ladi cikin matsala, kuma wataƙila na rasa mahaifina yana raye. In na yi shiru kuma wani abu ya faru a hanya, ban san yadda zan kalli iyayen mutanen nan ba, ban san me zan ce wa Allah ba, tunda na gani da idona. Tun Lahadi Baba bai amsa gaisuwata ba.

Don Allah masu ilimin addini a cikinku, wanne ya fi nauyi a kaina, fushin uba ko rayukan da ke saman motar? Akwai hanyar da zan tsayar da tafiyar nan ba tare da an wulaƙanta shi a tasha ba? In akwai likitan ido a nan, idon da ya yi shekara a haka yana dawowa, ko akwai abin da zan faɗa masa ya ji sanyi ya bi ni asibiti? Gobe Alhamis da azahar zan dawo kafe in duba amsoshinku. Ranar Juma'a za a fara lodi.