Motar da Ta Koma Yarinya a Bakin Iyaka

Zuwa ga Alhaji Badamasi, Shugaban Kwamitin Walwala na ƙungiyarmu ta zumunta a nan Doha.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran dattawan kwamiti, ni ne Isyaku, wanda kuke kira Malam Tarihi saboda koyarwar da na yi a sakandare kafin in zo ƙasar nan. Tarihin da nake nazari yanzu shi ne na masu shiga da fita a ƙofar wani dogon bene a West Bay, inda na haura shekara goma ina gadi a tsaye.

Na same ka a keɓe kan maganar nan. Na aiko da saƙon murya. Na turo maka Malam Nuhu ladan. Kullum amsa ɗaya ce: "Khalas, Malam, an gama." To, ba a gama ba. Tunda a gaban jama'a aka ƙulla cinikin, ba na jin na yi rashin ladabi in na kawo shi zaurenmu na waya don jama'ar su sake dubawa.

Bari in fara da abin da zan rasa, don kada wani ya ɗauka son mota ne ya kama ni da furfura. Gwiwoyina sun gaji. Idan na yi sujada, sai na yi shawara da su kafin in tashi. Allah ya kawo mini aikin kula da sito a wata gona a Umm Salal, aikin zama a kan kujera, kuma kafilina, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar nan, ya yarda ya sake ni. Sharaɗi ɗaya manajan gonar ya kafa. Bas ba ta kaiwa can, aikin kuma ya haɗa da ɗauko kaya, saboda haka sai in zo da mota mai rajista da inshora da sunana. Ya ba ni zuwa ƙarshen watan nan, kuma bai ɓoye mini ba cewa akwai wani yana jira.

Na ɗaya, yadda aka yi cinikin. Ranar Juma'a ce bayan an sauko, a inuwar da muke shan shayin karak a Mesaimeer. Motar ta ƙanin maiɗakinka ce, Garba, wanda ya yi aikin direba a ƙasar maƙwabta, ya tsallako da ita da lambar fitarwa ta wucin gadi, ya bar maka ita ya tafi gida dogon hutu. Ka ɗora hannu a kan bonet ka ce, "Wannan yarinya ce, Malam, ko kilomita dubu casa'in ba ta cika ba." Shaidu huɗu suka gyaɗa kai. Maganar takardu ta zo mini har bakin leɓe, sai na dubi farin gemunka, na dubi jama'a, na haɗiye ta da shayi. Ka san mu. Wanda ya ce wa dattijo "mu ga takarda" a bainar jama'a, tamkar ya kira shi maƙaryaci ne. Aka shafa Fatiha, na karɓi makulli da hannu biyu. Takardun suka biyo baya a ƙulle cikin leda.

Na biyu, sunan da ke kan motar. Da na je neman istimara, wato katin mallakar mota na ƙasar nan, aka nuna mini cewa har yanzu ta Garba ce. Ko ya zo da kansa, ko ya aiko da wakilci a rubuce wanda hukuma ta tabbatar. Garba kuwa yana ƙauye, inda waya ba ta shiga sai an hau tudun bayan makaranta. Da na same shi da ƙyar, sai ya ce, "Haba Malam, ai Alhaji ne ni, ni ne Alhaji." Na koma na fassara wa ma'aikacin ofishin istimara wannan magana da Larabcina na littafi. Ya saurara da ladabi, ya yi murmushi, ya ce kwamfutarsa ba ta da labarin wannan zumunci. Ban ga laifinsa ba.

Na uku, kuma nan ne zancen yake, maleji. Ga wanda bai taɓa mallakar mota ba, shi ne agogon da ke ƙirga tafiyar da mota ta yi tun daga haihuwarta. A wurin gwaji, mai dubawa ya leƙa gaban motar, ya dubi takardar fitarwa, ya sake leƙawa, sannan ya dube ni. Agogon yana cewa kilomita dubu tamanin da takwas. Takardar da aka rubuta kafin ta baro waccan ƙasa tana cewa dubu ɗari biyu da sittin da ɗaya. Ya ce, "Ya Hajji, wacce ce motarka a cikin biyun?"

Alhaji, na karanta labarin dauloli da suka tsufa suka faɗi. Na karanta na sarakunan da suka ƙarar da dukiya wajen neman maganin tsufa suka mutu ba su samu ba. Ban taɓa cin karo da abin da ya tsallake iyakar ƙasa ya zubar da kashi biyu cikin uku na shekarunsa ba, sai wannan motar. Yarinyar taka ta yi tafiyar da ta isa a zagaye duniya sau shida. In haka iyakar nan take yi, ina roƙon a tsallaka da gwiwoyina su ma, sai in ci gaba da gadina mu huta duka.

Na sake neman Garba. Bai ko yi inda-inda ba. Ya ce zafin bara ne ya kashe agogon asali, aka sa wani daga wurin 'yan gwangwan. Ya ƙara da cewa, "Ai Alhaji ya sani, kowa ma ya sani." Canza agogon da ya mutu ba laifi ba ne, haka ma masu gwajin suka ce. Abin da suke nema shi ne wasiƙa daga garejin da ya canza, mai nuna adadin da tsohon ya tsaya a kai, da sa hannun mai motar. Abu ne da Garba zai iya karɓowa ranar da aka yi aikin, kafin shayinsa ya huce.

Na huɗu, shawarar da ka ba ni. Ka ce akwai wani mai hannu da zai iya juya agogon ya tsaya a duk inda ake so, ni dai in faɗi lamba, in sa hannu cewa daidai ne, kowa haka yake yi. Wato motar ma za mu yi mata irin abin da wasunmu suka yi wa shekarunsu lokacin neman aiki. Ranka ya daɗe, hannun da za a sa nawa ne. Ni baƙo ne mai katin zama, in abin ya tonu ba kwamiti za a kira ba. Ban da haka, ni da kai duk mun zauna a zaure mun karanta babin ciniki, mun ji cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa ko ba a tambaye shi ba. Wata rana kuma ni ma zan sayar da ita ga wani ɗan uwa a wannan inuwar. Da wace fuska zan ɗora hannu a kan bonet?

Na biyar ya fi sauran ci mini rai. Na bi shaidun nan ɗaya bayan ɗaya. Malam Nuhu ya sunkuyar da kai ya ce, "Na sani, Malam, amma ka ga Alhaji yana wurin." Na biyu ya ce ya zaci na sani, kawaici nake yi. Na uku ya ce shi shayi ya zo sha aka ce ya shafa. Na huɗu har yau wayarsa tana caji. Mu shida muka zauna a wurin nan. Biyar sun san gaskiya suna jin nauyin faɗa, na shida yana jin nauyin tambaya. Babu wanda ya ɗaga murya, babu wanda ya yi wa wani rashin kunya. Ban taɓa halartar zama mai tarbiyya irin wannan ba, kuma shi ne yake neman ya raba ni da kujerar da na yi shekaru ina roƙon Allah.

Yanzu wa'adin lambar wucin gadin ya kusa cika. Motar tana lulluɓe a bayan masaukinmu, ina kaɗe mata ƙura duk safiya kafin in hau bas ɗin kamfani.

Ga abin da nake roƙo.

Ka sa Garba ya sauko daga tudu ya shiga birni, ya yi takardar wakilcin a tabbatar da ita, a aiko. Maganarka zai ji, ba tawa ba.

Ka kira garejin da ya canza agogon su rubuto gaskiyar adadin. Ba na tsoron dubu ɗari biyu da sittin da ɗaya. Tsohuwar mota da ta faɗi shekarunta za mu zauna lafiya da ita, ni ma ba yaro ba ne. Maganar cewa an yi mini kuɗin yarinya aka ba ni gyatuma, wannan na bar ka da zuciyarka.

In ka ga waɗannan biyun ba za su yiwu kafin ƙarshen wata ba, ka gaya mini a cikin makon nan, ba da "khalas" ba. A warware cinikin, ka karɓi makulli, in nemi wata mai lambar ƙasar nan tun manajan bai kira wancan mutumin ba.

Na ƙarshe na kwamiti ne gaba ɗaya. Tunda mun san halinmu, ba za mu iya tambayar dattijo takarda ba, to a ɗauke mana tambayar. A kafa doka cewa duk motar da za a sayar a tsakaninmu, sakatare zai karanta sunan mai ita da adadin malejinta da babbar murya, a je a leƙa agogo, sannan a shafa Fatiha. In doka ce, babu wanda aka ci wa fuska.

Jiya manajan gonar ya bugo yana tambaya ko ya sa a share mini ofis. Na ce in sha Allahu. Kakin gadina kuwa, wanda na riga na naɗe don in mayar, na warware shi na sake gogewa. Wanne zan saka ranar ɗaya ga wata, kaki ko kaftani, yana hannunka bayan na Allah.

Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri, ya kiyaye maka gwiwoyinka, ya ja kwananka, ya kuma bar kowace shekara a inda aka rubuta ta.

Wassalam.

Naka,
Isyaku Malam Tarihi,
daga bakin ƙofa, a tsaye.