Suna So In Ara Musu Tabarmata

Anti Losaline,

Don Allah ki taimake ni, kuma ki hanzarta, don ranar Lahadi ake jiran amsata. Shekarata sha shida. Ban iya magana a gaban mutane ba, ko aya aka ce in karanta a coci sai muryata ta maƙale, shi ya sa na zaɓi in rubuto. Ki yi haƙuri in na yi ta kewaye-kewaye.

Hutun da ya wuce, mu matasan cocinmu na Logan, kusa da birnin Brisbane, muka tafi aikin bishara ƙasar Vanuatu, wani ƙauye a arewacin tsibirin Efate inda guguwa ta yaye rufin makarantar Lahadi, don mu gyara. Jagoranmu Callum ne, ɗan shekara ashirin, mai kaɗa jita, gashinsa kullum yana zubo masa a ido. Ba zan ɓoye miki ba, ni mayyar littattafan soyayya ce, kuma duk jarumin da na karanta fuskar Callum nake liƙa masa. A cikin kaina mun daɗe da yin aure. Mun koma tsibiri muna wa'azi, gidanmu na kallon teku, har sunayen yara na zaɓa. A zahiri kuwa bai taɓa ce mini komai ba sai "miƙo guduma".

Da yake ni ba ta shiga hayaniya ba ce, da yamma wurin matan ƙauyen nake zama suna saƙa. Na ga yadda ake yanko kabarsu ta bakin teku, a cire ƙaya, a shanya, a murje da bayan wuƙa, sannan mace ta duƙa a ƙasa har bayanta ya ƙage. Kowace da irin bakin tabarmarta. Na Mama Leitangi, wadda na sauka a gidanta, jan ulu ne da kore, tsini-tsini kamar haƙoran kifi. Ashe tun da suka ji za mu zo suka fara saƙa mana.

Ranar ban kwana suka shafa mana hoda a kumatu, suka rataya mana furanni, aka ci laplap, abincinsu na biki, aka yi waƙa. Sai kowace uwar gida ta miƙa wa baƙonta tabarma. Anti, da kin ga kuka! Brielle, wadda take ta mitar masai da rashin sabis tun ranar da muka sauka, ta yi ta rusa kuka har kwalli ya dama da hoda, amma sai da ta tabbatar ana ɗaukarta a waya. Callum kuwa durƙusawa ya yi a gaban tsohuwar da ta ba shi tasa, ya ce, "Mama, a kan wannan zan riƙa addu'a har ranar mutuwata." Saura kaɗan in suma don so.

Addu'ar ba ta wuce filin jirgi ba. Muna isa filin jirgin Port Vila za mu koma gida ya tara mu, wai jami'an filin jirgin Brisbane ba sa wasa da kayan ganye, za su tsare mu, ƙila ma su ci mu tara, ga iyaye na jira. Ya ninke tabarmarsa ya cusa a kwandon shara na bakin bayi. Da ta ƙi shiga sai ya danna da takalmi. Sauran suka bi layi kamar tumaki, hodar tsofaffin nan ko gogewa ba ta yi daga fuskarsu ba, suka wuce sayen turare da cakulan. Ni ban ce uffan ba, rungume tawa kawai na yi. A Brisbane na faɗa wa jami'ar abin da na ɗauko. Ta warware, ta kakkaɓe, ta duba ko da ƙwari, ta ce kyakkyawa ce, ta miƙo mini. Na riga akwatin Brielle fitowa.

Kakata 'yar tsibirin Tonga ce. Ta shafa tabarmar ta ce bayan mace ne aka saƙa a ciki. Da na ba ta labari ta ja dogon tsaki ta ce, "'Ya'yan kafet. Shi ne angon naki, mai kai kamar tsintsiya?" Ban san ma ta sani ba.

Ran Lahadin da ta wuce aka haska hotuna a coci, suka yi ta ba da shaida. Wannan ta ce rayuwarta ta canza, wancan ya ce zuciyarsa can ya baro ta. A raina na ce ƙwarai kuwa, na ma san kwandon da take ciki. Jama'a suna ta amin.

Ga inda matsalar take. Matan ƙauyen sun aiko ta wayar fastonsu, wai suna so su ga hoton tabarmin a gidajenmu, za su nuna a cocinsu. Bayan sujada sai ga Callum ya nufo ni, abin da na shekara biyu ina mafarki. Ashe ko sunana bai sani ba, ya kira ni da sunan 'yar ƙanwar mamata. Ya ce, "Ƙanwata, ke ce kika ceci ƙungiya. Ara mana taki, kowa ya kai gida ya ɗau hoto, a ɗan juya ta, a ɗora filo, wa zai gane? Kar mu karya wa tsofaffin nan zuciya." Har da murmushi. Abin takaicin, Anti, sai da gabana ya faɗi duk da haka. Na ce zan yi tunani.

Yanzu kallon banza nake yi musu duka. In ya ɗaga jita ya lumshe ido, takalminsa nake gani. Amma ba ni da wasu ƙawaye sai su, kuma in na hana za su ce na mai da kaina waliyyiya. Wani lokacin ji nake kamar in miƙe tsakiyar coci in tona musu asiri, wani lokacin kuma in daina zuwa kawai. In ara musu ko kada in ara?

Mai Tabarma, Logan

*

'Yata Mai Tabarma,

Kada ki ara. Na fara da wannan don kin ce kina sauri.

Ke da kanki kika ce kowace mace da irin bakin saƙarta. To ki hango cocin ƙauyen ranar da za a nuna hotunan, ga haƙoran kifin Mama Leitangi a falon kowa. Kafin hoto na uku duk matan sun gane, kuma ba wadda za ta yi magana, wanda ya fi zagi ciwo. Ita kuma za ta ɗauka kyautarta kika saki ana yawo da ita gida-gida. Kyauta ɗaya tak ta tsira daga kwandon nan. Kada a haɗa baki da ke a jefa ta daga baya.

Amma bari in yi wa abokanki adalci, tunda ke ba ki da niyya. Tsoron jami'an filin jirgi ba ƙarya ba ne, manya ma suna tsorata a layin nan. Rufin da suka buga yana nan, yara ba sa jiƙewa. Kukan ma ba duka na waya ba ne. Mutum na iya kuka da gaske da safe, ya tafka wauta kafin azahar. Abin da suka yi a Port Vila rashin sani ne da lalaci. Wanda suke shirin yi yanzu ƙarya ce ido buɗe, ita ce ba zan lamunta ba.

Shi kuma Callum, ba jarumi ba ne, ba kuma dodo ba. Yaro ne mai jita da ke tsoron a kama shi. Rainin da ya cika miki ciki, rabi na tabarma ne, rabi kuma haushin angon da kika zauna kika saƙa da hannunki ne, ya warware. Ki kuma tuna kina tsaye a wurin ba ki ce komai ba. Ban ga laifinki ba, amma ya isa ya sa ki sauko da hancinki kaɗan.

Kada ki miƙe a tsakiyar coci, daɗinsa na minti ɗaya ne. Ki same shi shi kaɗai ki ce, "Ba zan ara ba, kuma ga sunana." In murya ta maƙale, ki jira ta dawo, ba inda za shi. Ki ce masa ya je da ƙafarsa ya faɗa wa Fasto gaskiya cikin makon nan. In ya noƙe, ki riƙo hannun kakarki ku je tare. Matar da ta ce "'ya'yan kafet" ba za ta rasa abin faɗa ba. Ta kuma san cewa mutanen tsibiri ba a ba su haƙuri da saƙon waya. Da tabarma a hannu ake zuwa. Iyayenku mata na cocin za su san yadda za a haɗa tabarmin, waɗanda suka zubar kuma su ɗauki nauyin kaiwa.

Hotonki kuwa ki aika yau, ke da kaka zaune a kanta, bakin ulun ya fito sosai. Wasu za su yi miki fushi, na sani. Wadda ta dawo daga baya ita ce ƙawa. Cocin ma kada ki bari, ba don Callum aka gina ta ba. Littattafanki ki ci gaba da karantawa, sai dai nan gaba in za ki auna namiji, kada ki auna shi a gaban taro, ki jira ki gan shi a bakin kwandon shara.

Ubangiji ya ba ki murya ranar Lahadi, ya sanyaya miki zuciya. Ki gaishe mini da kaka, ki ce ina so in sha shayi a kan tabarmar nan.

Anti Losaline