Repetar a Zauren Baba

Dakoro, ranar Asabar

Zuwa ga maigidana, Baban Raudatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a can Tamanrasat. Yaya gajiya, yaya ƙafar nan da ke damunka? Mu nan lafiya lau. Baba da Inna suna sa maka albarka, Raudatu kuwa bakinta ya buɗe har ta ishe mu da surutu.

Na ba direba takardar nan ne don na ji muryarka jiya kafin kiran ya yanke, kuma na san muryar fushinka ko da ka lulluɓe ta da dariya. Kana zaton sakaci muke yi. Wallahi ba haka ba ne. Duk mako jiran ranar hutunka nake, ranar da kake fitowa daga daji ka samu rezo, wayarka ta kama. In ci kwalliya in zauna gefen Inna, sai mu ga rabin goshinka, hoto ya daskare.

Sauran ranaku wifi ɗin lafiyarsa ƙalau. Bwat ɗin, akwatin da ke kawo shi, yana shagon ƙanenka Harisu a ƙofar gida, inda ka bar shi, repetar ɗin da ka saka a zaure kuma yana miƙo mana shi har ɗakin Inna. Amma ranar hutunka, wadda ta faɗo daidai da ranar kasuwarmu, tun hantsi yake ɗaukewa, ba ya dawowa sai magariba, bayan motarku ta koma daji. Harisu ya kashe bwat ya kunna, ya canza lambar sirri don kada maƙwabta su sha mana, ya ɗora shi can saman kanta. Yanzu ya ɗora laifin a kan yawan mutanen kasuwa. Rezon waya kuwa ka san dama ba ya ratsa katangunmu.

Ga abin da ya hana ni sakewa. Inna ta ce kada a gaya maka, ni kuma na ga ɓoyewar ba daidai ba ce. Likitan ido a Maradi ya ce hawan jinin ido gare ta, magani zai rage masa gudu amma ba zai tsayar da shi ba. Na hagu ya riga ya tafi, da na dama take lallaɓawa. Ba ta roƙon komai sai ta ga fuskarka, shagon Harisu kuma ranar kasuwa ba wurin da za a kai tsohuwa mai ciwon gwiwa ba ne.

Ka huce, ka ci abinci da kyau. Ina kewarka.

Matarka,
Zuhura

Dakoro, ranar Lahadi

Baban Raudatu,

Bayan gaisuwa da fatan takardata ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yau da dariya nake rubuto maka, don na kama ɓarawon wifi, kuma a gidan nan yake kwana.

Ka san baƙin Baba, makiyayan Korahane da na Bader Goula da ke sauka zaurensa ranar kasuwa. Ni ba na shiga in suna nan, daga bakin ƙofa nake miƙa fura. Wannan karon sun tafi kara, kasuwar dabbobi, da shanunsu gaba ɗaya, sai na shiga kwashe kwanoni. Na tarar da wayoyinsu jere a kan tabarma, kowacce tana jiran layi, ɗaya a maƙale tana caji a priz ɗin bangon nan guda ɗaya tak da ke zauren. Repetar ɗinka kuwa yana kan taga, an naɗe shi cikin farin ƙyalle kusa da carbin Baba.

Da na gaya wa Inna, ta yi dariya har da hawaye. Ashe Baba ya ɗauka abin korar sauro ne, irin wanda ake cusawa a bango. Tunda babu sauro da rana, sai ya cire shi da hannunsa ya ba baƙo wuri ya yi caji, da magariba ya mayar. Har yana faɗa musu ɗansa ne ya kawo masa daga Aljeriya, kuma tun da aka saka shi sauro bai cije shi ba. Inna ta ce Agali na Korahane ya daɗe yana roƙon a sayo masa irinsa don bukkarsa. Kai ma da laifinka, ka saka abu a zauren mutum ba ka gaya masa aikinsa ba.

Sauran magana ita ce wa zai faɗa masa. Ni ko ido ba na iya haɗawa da surukina, balle in ce masa ya yi kuskure. Harisu ya sosa ƙeya ya ce shi ma ba zai iya ba, don Baba bai taɓa hana baƙo abin da yake da shi ba, kuma ba yau zai fara ba. Inna ta ce a bar mata mijinta.

Ka shirya, ka aske sumar nan kafin ranar. Raudatu tana miƙo maka hannu.

Taka har kullum,
Zuhura

Dakoro, ranar Asabar

Baban Raudatu, abin alfaharina,

Ina gaishe ka, ina fatan kun koma daji lafiya jiya. Har yanzu daɗin ganinka bai bar ni ba.

Ba ka san yadda aka yi ba. Da Inna ta yi masa bayani, Baba ya sa takalminsa ya fita. Sai ga shi da ralonj, doguwar wayar wuta mai bakuna da yawa, ya saka repetar a na farko, baƙi suka raba sauran. Jiya ko kara bai je ba, mutumin da bai taɓa fashin kasuwa ba. Ya zauna gefen abin yana gadi har muka gama magana. Ya dai ce wa Harisu ko me za a ce, abin yana korar sauro.

Ka ji Inna tana ce maka ka yi ƙiba, ka yi kyau, kai kuma kana ta murna. Na bar ka da murnarka don tana kusa. Amma ni ina kallonta, ta kai wayar har kan hancinta, tana juya ta tana neman ka. Bayan ka kashe, ta kama hannuna ta ce in gaya mata gaskiya, ka rame ko ba ka rame ba, ka tsayar da gemu ko kuwa. Haske kawai ta gani.

Na ba ta labarin fuskarka tun daga goshi har haɓa, har furfurar da ta fara fito maka. Ta sa na maimaita. Na shiga ɗakina na yi kuka, don ban so ta ji ba.

Wifi ya gyaru, ka riƙa kira, muryarka tana yi mata daɗi. Amma ka nemi izini wurin mai aikinku ka zo, ko na mako ɗaya ne. Ta ce in ka durƙusa gabanta, hannunta zai gane ka.

Allah ya kawo mana kai lafiya.

Matarka mai jiranka,
Zuhura